Kafin Ki Zauna a Kujerar Salun: Shirin Zuwan Farko Ga Mai Gashi Mai Murɗiya

Shekara biyu na yi ina rainon gashina a gida bayan na rabu da rilaksa. Ni ke wanke abina, ni ke tajewa, maƙwabciyarmu ta yi min kitso a tsakar gida. Ran da na fara kai shi salun, ana gobe kamun wata ƙawata ne, shagon a cike har da masu zaman benci a ƙofa. Da layi ya zo kaina, yarinyar da aka haɗa ni da ita ta zare min ɗankwali, ta ɗauko siririn matajin nan mai jela da ake tsaga da shi, ta kafa a gindin busasshen gashi ta ja. Ina jin ƙarar karyewarsa a kunnena, ƙas ƙas ƙas, ina kallon guntaye suna sauka a kan tawul ɗin da ke kafaɗata. Ban ce uffan ba. Kunya ta hana ni, ga mutane, kuma ba na so a ce na cika iyayi. Daga nan aka bi shi da handiraya mai zafi har ina jin ƙauri. Gashin gaban goshina bai sake murɗewa ba, sai da na haƙura na datse shi bayan wasu watanni.

Ban riƙe yarinyar a rai ba, abin da hannunta ya saba ta yi. Yawancin masu zuwa wurinsu gashinsu ya sha rilaksa, mataji na wucewa sumul. Abin da ya ci ni shi ne na je ban shirya ba, kuma na yi shiru a inda magana ɗaya za ta tsare min aikin shekara biyu. Idan ke ma gashinki na asali ne, mai murɗiya, wanda ake ce wa nacural, kuma kina shirin kai shi salun karon farko, ga yadda za ki bi.

Mataki na farko: ki san kanki kafin wata ta taɓa shi

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sati biyu kafin ki je, ki wanke kanki, kar ki shafa komai, ki bar shi ya sha iska, sannan ki tsaya gaban madubi ki dube shi da kyau.

Dubi yanayin murɗiyar. Wani gashin yana naɗewa ne kamar an naɗa shi a jikin alƙalami, irin wanda ake yawan gani a wajen Fulani da Shuwa da Buzaye. Wani kuma murɗiyarsa ƙanana ce ƙwarai, idan ya bushe sai ya dunƙule kamar auduga, shi ne na yawancinmu. A intanet za ki ga ana rubuta 3B, 4A, 4C. Asalin lissafin na Andre Walker ne, tsohon mai gyaran gashin Oprah Winfrey, fitacciyar mai shirin talabijin a Amurka, wanda ya raba gashi gida 4 a shekarun 1990. Sanin lambar yana taimakawa wajen neman hoto, amma kar ki ɗauke shi da zafi: kai ɗaya yana iya ɗauke da iri biyu ko uku, ƙeya daban, tsakiya daban.

Abin da ya fi lambar amfani shi ne ki kama sili ɗaya ki miƙe shi. Za ki ga gashin da yake tsaye a saman kunne ya iso wuya ko kafaɗa. Wannan tsukewar ba cuta ba ce, alamar lafiya ce ma, kuma a wasu kawunan tana ɓoye fiye da rabin tsayin gashi. Ki riƙe wannan a rai, domin a nan ake tafka asara idan an zo datsa.

Ki lura kuma da yadda yake da ruwa. Idan kin zuba, yana jiƙa nan take ya bushe nan take, ko ruwan yana gangarawa ta kai sai kin daɗe? Na farko yana son mai mai nauyi da zai riƙe danshi, irin man kaɗanya. Na biyu mai mai nauyi zama yake a kansa ya yi danƙo, ya fi son ɗumi kafin ya sha abu. Dalilin da gashinmu ya fi miƙaƙƙe bushewa shi ne man da fatar kai ke fitarwa ba ya iya bin lanƙwasa-lanƙwasar har ya kai baki, kuma kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni da zai iya tsinkewa. In hunturu ya shigo abin ya ninka.

Sai tarihi. Ki tuna yaushe rabonki da rilaksa, da rini, da lalle, da shebe, wato garin gyaran gashi na matan Chadi. Idan kina jego ne, ki san cewa wajen wata 3 bayan haihuwa gashi kan zuba sosai, musamman a gaba, kuma yakan dawo da kansa; wannan ba lokacin matsattsen kitso ba ne. In kuwa kin ga wani wuri ya yi kewayayyen fili yana ɓarewa, ko ƙuraje masu ruwa, ko amosani mai yawa da ƙaiƙayi, asibiti za ki fara zuwa. Makero ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da na sha, kuma za ki iya shafa wa wasu ta hanyar mataji.

Mataki na biyu: ki yanke abin da kike so, kuma ya zama kaɗan

Zuwan farko gwaji ne. Ke kina gwada hannun mai gyara, ita tana koyon kanki. Don haka ban ga dalilin da za ki haɗa rini da miƙarwa da datsa da sabon salon kitso a rana ɗaya ba. Idan wani abu ya lalace ba za ki san wanne ne ya jawo ba. Abin da nake ba kowa shawara shi ne wanki, sitimin, da kitso mai sauƙi kamar shuku ko zane manya, ko kalaba da gashinki. In bakin gashin ya tsattsage, a haɗa da ɗan datsa.

Kar ki sa ranar ta zama jajibirin Sallah ko ana gobe bikinki. A irin ranakun nan kowa na sauri, manyan ma'aikata suna kan amare, masu koyo ne ke wanke kawuna. Ki zaɓi tsakiyar sati da safe. Idan don biki kike shiri, ki je gwajin sati 3 ko 4 kafin ranar, yadda in hannun bai yi miki ba kina da lokacin neman wani.

Ki ajiye hoto biyu ko uku a waya, amma na matan da gashinsu ya yi kama da naki a cika da murɗiya. Hoton da aka yi da ƙarin gashi ba zai fito a kanki haka ba. In ba kya yin ƙari, kamar yawancin mata Musulmi saboda hadisin da ya hana, ki faɗa tun farko, domin a wasu shagunan da zarar sun ga hoton sai su ɗauko leda.

Maganar rilaksa kuwa, ki yanke ta tun daga gida, kar a yanke miki a kan kujera. Za a ce miki, "Ai Anti kan nan ya yi tauri, a ɗan sa masa kaɗan ya yi laushi." Babu kaɗan a rilaksa. Ko teksturaiza aka kira shi, sinadari ne mai kaifi da ke karya ginin silin gashi, kuma inda ya taɓa ba ya komawa, sai dai sabo ya tsiro. A watan Oktoba 2022 masu bincike na cibiyar lafiya ta Amurka, NIH, sun fitar da sakamakon bin diddigin mata sama da 33,000, suka ga masu amfani da magungunan miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara sun ninka sauran haɗarin kamuwa da sankarar mahaifa. Binciken bai tabbatar cewa maganin ne sanadi ba, kuma cutar ba ta da yawa, amma ya isa mace ta yi tunani a natse. Idan rini kike so, musamman baƙi, ki gwada ɗigo a bayan kunne awa 48 kafin ranar. Baƙin rini da abin da ake ce wa baƙin lalle suna ɗauke da sinadarin PPD, wanda ke kumbura wa wasu fuska da fatar kai.

Mataki na uku: neman hannun da ya iya

Hoton Instagram da TikTok yana nuna kai ne bayan an gama, ba ya nuna gashin da aka share a ƙasa. Hanyar da ta fi ita ce ki ga wata mai gashi irin naki, a gidan biki, ko islamiyya, ko wurin aiki, wadda gashin goshinta yake nan cif, ki tambaye ta wa ke yi mata. Ki tambayi sunan mai yin aikin, ba sunan shagon kaɗai ba, don shago ɗaya yana iya samun mai hannu mai sanyi da mai hannu kamar ƙarfe.

Sannan ki je ki gani da idonki, ba tare da kin yi komai ba. Ki ce kin zo tambayar farashi, ki zauna minti goma. Ki kalli yadda ake taje kan wata: a jiƙe da kwandishana ne ko a bushe? Daga baki ake farawa ko daga gindi? Ana raba gashin kashi-kashi? Ki kalli mataji, ana wankewa tsakanin kai da kai ko ana cire gashin wata da yatsa a kafa wa wata? Tawul fa, busasshe ne ko mai danshi da aka shanya a bayan kujera? In akwai mai gashi irin naki a kan kujera tana runtse ido tana cije leɓe, kin samu amsarki.

Ki yi tambaya uku. "Kuna yin gashin da ba a sa wa rilaksa ba?" Kowa zai ce eh, don haka ki bi da ta biyu: "Yaya kuke taje shi?" Wadda ta iya za ta ce miki tana jiƙawa, ta raba, ta fara da yatsu. Wadda ta ce "ai handiraya za ta miƙar da shi" ba taki ba ce. Ta uku: "In na zo da kayana za ku yi min da su?" Shago mai kyau ba ya jin haushin wannan.

Akwai abubuwan da mu nan sai mun tambaya. Maza suna shigowa, ko akwai namiji cikin ma'aikata? Akwai labule ko ɗakin ciki ga mai hijabi? Suna ɗaukar bidiyon kwastomomi su sa a intanet? In ba kya so ki faɗa ƙarara tun kafin a fara. In an ɗauke wuta suna da janareta ko sola, kuma kuɗin yana canzawa? Ba abin da ya kai a jiƙa miki kai, a shafe shi da kwandishana, sannan a ce sai an kawo wuta. Ki ji kuɗin komai dalla-dalla: wanki nawa, sitimin nawa, tsifa nawa in su za su yi, kuma ko ana ƙara kuɗi saboda cikar gashi. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce shaidar iyawa ba.

Mataki na huɗu: tsifa da tajewa a gida

A nan rabin aikin yake, kuma shi ne abin da ba zan bar wa kowa ba a zuwan farko. Ki tsefe kanki da kanki, kwana biyu ko uku kafin ranar, fatar kai ta huta kafin a sake ja.

Ki samu lokacin da ba kya sauri. Ki zuba ruwa a kwalbar fesawa, ki haɗa da ɗan kwandishana, ki ɗan fesa wa kitson ya yi laushi. Ki shafa man kwakwa ko man zaitun a yatsu. Ki fara daga bakin kitso da kibiya, in kin wuce rabi ki ajiye kibiyar ki ci gaba da yatsu. A gindin kowane kitso za ki tarar da ɗan dunƙulen datti da mai da gashin da ya zuba. Kar ki ja shi. Ki ɗiga masa mai, ki buɗe shi a hankali gefe da gefe kamar kina buɗe auduga, sai ki zare.

Za ki ga gashi da yawa a hannunki, kar hankalinki ya tashi. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Idan kitso ya yi kwana 30, wannan sili 1,500 zuwa 3,000 ke nan da suka rasa hanyar faɗuwa suka maƙale a ciki. Ki ɗauki sili ɗaya ki duba: idan dogo ne da ɗan farin kai a ƙarshensa, zuba ce ta al'ada. Idan guntaye ne ba farin kai, karyewa ce, kuma wannan ya kamata mai gyara ta sani.

Abin da ba a yi ko kusa shi ne zuba ruwa da shamfu a kan da aka tsefe ba a taje ba. Gashin da ya zuba zai naɗe da wanda ke tsaye, ya cure ya zama tabarma, wani lokaci sai almakashi. Don haka duk layin da kika tsefe, ki fitar da zubabben gashin da yatsu, ki bi da mataji mai manyan haƙora daga baki zuwa gindi, ki murɗe shi ki ajiye, sannan ki kama na gaba.

In kina da karkashi a kicin, kin huta. Ki jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ki tace, ki shafa wa gashin. Yauƙin nan yana sa mataji ya sulale fiye da kwandishana masu tsada da yawa. Iyayenmu da shi suke wanke kai, kuma shi ne matan Chadi ke kira ambunu, wanda yanzu ake ƙullawa a leda ana sayarwa a Turai. Mai amfani da shebe kuwa, ta wanke shi a gida kafin ta je, domin garin yana maƙalewa a gashi, kuma ba kowace mai salun ce ke da haƙurin fitar da shi ba.

Da kin gama, ki kama kan a manyan kalaba 6 ko 8 marasa tsauri, ki ɗaura ɗankwali mai santsi. Da haka za ki je idan a can za a wanke. Kar ki cika shi da man shanu ko basilin a daren, sai an yi ta maimaita shamfu kafin su fita, shi kuma yawan shamfu busar da gashi yake. Kar kuma ki yi ta susa da farce, ƙananan raunukan za su yi raɗaɗi idan abu ya taɓa su.

Akwai banbanci ɗaya. Idan aski kike so a fitar wa gashin siffa don ki riƙa barinsa a sake, wasu ƙwararru a bushe suke yankewa, murɗiya bayan murɗiya, don su ga inda kowace take kwanciya. Irin wannan za ki je ne da kai wankakke, busasshe, a sake, ba kalaba, ba ribom, ba mai mai nauyi. Ki tambaye ta wanne take so.

Mataki na biyar: jakarki

Tawul ɗinki, ko tsohuwar rigar auduga mai laushi, wadda ta fi tawul kyau ga gashinmu. Matajinki mai manyan haƙora, da kibiyarki, da burushi in kina amfani da shi. Shamfu da kwandishana da man da kanki ya saba da su. Idan sabulun salo kike wanki da shi, ki san yana da kaifi, dole a bi shi da kwandishana. In za a gyara miki gefen goshi ko ƙeya da reza, sabuwa za a buɗe a gabanki, domin ciwon hanta nau'in B yana bin jini a jikin reza. Ki sa riga mai faɗin wuya, ki ɗauki ɗankwali mai santsi da hijabi marar matsewa na komawa gida. Ki ci abinci, ki yi lissafin lokacin salla, don aikin kai mai cika yana cin awa 3 zuwa 5.

Mataki na shida: magana kafin ruwa ya taɓa kai

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin ki kwantar da kai a wurin wanki, ki cire ɗankwali, ki warware kalaba ɗaya, ki ce ta taɓa ta gani. Sannan ki faɗi naki cikin ladabi, ba tare da kame-kame ba:

"Anti, gashina ba rilaksa, kuma ba na so a sa ko kaɗan. Na taje shi a gida. Don Allah kar mataji ya shiga sai yana jiƙe da kwandishana, kuma a raba shi kashi-kashi. Gaban nan yana da rauni, kar a kama ƙananan. In za a datsa a nuna min tukuna."

Magana ce ta rabin minti. Wadda ta san aikinta daɗi za ta ji, ta ma ƙara miki da tambayoyi. Idan ta ɓata rai, ko ta ce "ai mun san aikinmu, Hajiya", ko ta fara kushe kanki tana cewa ya cika tauri, kina da damar ɗaura ɗankwalinki ki ce kin gode, za ki dawo wani lokaci. Kunyar minti ɗaya ce. Gashi kuwa kusan santimita 1 yake yi a wata, abin da aka lalata yau sai ki shekara kina jiransa.

Ki faɗa mata gaskiyar tarihin kan ko da ba ta tambaya ba. Lalle da rini da tsohuwar rilaksa a bakin gashi duk suna canza yadda zai karɓi zafi da sinadari. Inda sabon tsiro ya haɗu da tsohon mai rilaksa shi ne wuri mafi saurin tsinkewa a kan gaba ɗaya.

Mataki na bakwai: a kan kujera

Wajen wanki, ki ga kwalbar da ake zuba miki da idonki. Abin da aka juye a robar da ba rubutu, ki tambaya ko ki ce a yi da naki. Fatar kai ake wankewa da tafin yatsu, ba da farce ba, kuma ba a tattara gashin a tsakiyar kai a cuɗa shi kamar wankin tsumma. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Idan wani abu ya fara yi miki zafi ko raɗaɗi, ki ce a wanke nan take. Shamfu da kwandishana ba sa ƙuna.

Sitimin minti 15 zuwa 30 ya isa. Bayan an ɗauraye a matse ruwan da tawul, ba a goge ba.

Wajen busarwa ake yawan yin ɓarna. In kitso za a yi, ba sai gashin ya miƙe sambal ba. Ya isa a kama kashi ɗaya a ɗan ja shi da hannu, a bi shi da iska mai matsakaicin ɗumi, bayan an shafa maganin kare zafi. Ki ce a rage idan kina jin zafin a fatar kai. Ƙauri ko hayaƙi mai wari alama ce ta ƙuna. Sitirecha kuwa, wato ƙarfen miƙar da gashi, tana iya kaiwa digiri 230, kuma a zuwan farko ni ba na yarda da ita. In kin matsu, kar ta wuce 180, a kan gashi busasshe ƙarau, sau ɗaya ko biyu a kowane kashi. In an ji tana ƙarar cuu a kan gashi, akwai sauran ruwa, kuma ruwan tafasa yake a cikin silin. Masu son a turara musu kai, a bar kaskon nesa, hayaƙin ake so ba zafin garwashin ba.

Idan an zo datsa, kar ki ce "kaɗan". Kaɗan ɗinki daban da nata. Ki nuna da yatsa, faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ki ce ta yanke wuri ɗaya ta nuna miki a tafin hannu kafin ta ci gaba. Santimita 5 aikin wata biyar ne. Amma in ta nuna miki bakin ya tsage ya yi siriri har kina hango haske ta cikinsa, ki bari a cire, domin tsagewa hawa take yi sama, kuma babu man da ke ɗinke ta.

Sai kitso. Mun taso ana ce mana kitso sai da zafi yake kyau, kuma wannan maganar ta cinye goshin mata da yawa. Jan da ake yi wa saiwar gashi shekara da shekaru yana kashe ta, likitocin fata sun san wannan sanƙon sarai, kuma idan wurin ya yi sumul yana sheƙi ba ya sake tsirowa. Da an gama layin farko ki gwada: ki ɗaga gira, ki juya wuya, ki sunkuya kamar za ki yi sujada. Idan fata na ja, ko kin ga ta tashi tsakanin layuka, ki ce, "Anti a ɗan sassauta, ya kama ni." Kar ki jira a kai layi na goma. Ƙananan gashin goshi da na gefen kunne a bar su a waje. Idan 'yarki kika kai, ke ce bakinta. Kukan yaro a wurin kitso ba shagwaɓa ba ce kullum.

Kafin ki biya, ki karɓi madubi ki ga ƙeya. Ki tambayi sunan duk abin da aka shafa miki, ki ɗauki hoton kwalbar.

Mataki na takwas: daren farko da wankin farko

Kitson da ya hana ki kwanciya, ko ya sa ki neman farasitamol, ko kika wayi gari da ƙananan ƙuraje a bakin goshi da ƙeya, ki tsefe shi, ko aƙalla layukan gaba, ko nawa kika biya. Ki kwana da hula ko ɗankwali mai santsi, don auduga tana shanye danshi. Idan kin yi wankan ibada ba sai kin tsefe ba, hadisin Ummu Salama ya sauƙaƙa wannan, amma ki bar kitson ya bushe sosai kafin ki rufe shi da ɗankwali da hijabi, in ba haka ba zai yi wari ya jawo ƙaiƙayi. Kitson zane sati 2 zuwa 3 ya ishe shi, kowane iri ne kuma kar ya wuce sati 6 zuwa 8.

Hukuncin gaskiya sai a wankin farko bayan kin tsefe. Ki jiƙa kan ki duba madubi: ko'ina ya koma ya murɗe kamar da, ko akwai wuraren da suka tsaya a miƙe? Ki gwada yawan guntayen da ke hannunki da na tsifar da ta wuce. In komai lafiya, ki karɓi lambar wadda ta yi miki, ki riƙa kiranta kafin ki fito don ki tabbatar tana nan. In akwai wurin da ya miƙe, ki ba shi wanki biyu ko uku da sitimin. Wanda bai dawo ba bayan haka ya ƙone, sai ki riƙa datse shi kaɗan-kaɗan duk bayan wata 2 ko 3 har sabon ya maye gurbinsa.